Saura Darasin Wuya

Sati uku ke nan rabon Nevena da ɗakin karatu na gari, inda ake koyon saƙa duk Asabar. Sati uku cur, kuma da tunanin take buɗe ido kullum.

Keken saƙar yana nan a kan tebur, gindin taga. Yayanta ne ya aiko mata da shi daga Jamus shekarar da aka rufe masana'antar saƙa ta garin, ita da mata ɗari biyu suka wayi gari ba aikin yi. Guga da ninki ne aikinta a can, ba ta taɓa zama gaban inji ba. Keken ya zo da ɗan littafi mai Jamusanci zalla, don haka wata biyar ya yi a ƙarƙashin gado yana shan ƙura. Ba ita kaɗai ba ce. A unguwarsu kawai akwai kekuna shida irinsa, kowanne a ƙarƙashin gado, don wurin koyo mafi kusa sai Plovdiv, tafiyar awa uku a mota.

Ana haka Kamen, makanikin injinan masana'antar, ya manna takarda a ƙofar gidan burodi: duk mai keke ta zo da abinta ranar Asabar.

Mata tara suka je. Takwas sun koyi saƙa. Nevena ta koyi saƙa, ta kuma koyo abin da ya hana ta sukuni.

Yanzu ga shi ta zauna ta zuba wa keken ido. Suwaita ce launin toka rataye a jikin allurai, ta gama baya, gaban ya kai ƙirji, a nan ta tsaya. Ranar da za a koyar da yadda ake fitar da wuya, ranar ce mahaifiyarta ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba inda za ta. Sau huɗu tana gwadawa da kanta, sau huɗu saƙar na zubowa ƙasa, ta tsince ta warware.

Ta ɗora hannu a kan mariƙin keken ba ta tura ba. Muryar Kamen kawai take ji a kunnenta.

"Kada ki yi kokawa da shi, Nevena. In ya cije, wani abu yake faɗa miki. Saurara."

Ƙarar mota ce ta katse ta. Ko ba ta leƙa ba ta san Dobrin ne, don shi kaɗai ke da motar kaya a layin. Fatauci yake yi, ya sayo wanduna daga Turkiyya ya sayar a kasuwannin ƙauyuka, kuma tun bazara yake sintiri a gidansu.

"Nevena! Fito ki ga abin arziki!" Velika, mahaifiyarta, ta ƙwala mata kira daga falo.

Ta same shi durƙushe gaban talabijin cikin jaket ɗinsa ta fata, yana haɗa wayoyi, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin da ake yi. Ya ɗago wani kaset yana murmushi har kunne.

"Na kawo miki malama har gida. Daga Sofia na sa aka nemo. Wannan ba ta gajiya, ba ta ƙorafi, ba sai kin taka ƙanƙara kin je wurinta ba."

Velika ta tafa hannu. "Kin ji ko? Mutum mai tunani ke nan."

Aka kunna. Hannayen wata mata suka bayyana, farcenta ja, tana tura keke tana zuba Italiyanci kamar ana kora ta. Kafin Nevena ta gane allurar da aka ɗaga, har an wuce hannun riga.

"Me ta ce?" Nevena ta tambaya.

Dobrin ya sosa ƙeya. "Ai ba sai kin ji ba. Hannun za ki kalla."

"To tambaye ta, me ya sa nawa yake zubar da saƙa ta gefen hagu?"

"Sai a mayar da kaset ɗin baya."

"In an mayar, za ta ga nawa keken?"

"Nevena!" uwar ta daka mata tsawa.

Dobrin bai ji haushi ba, dariya ma ya yi. Ya karɓi gahawar da Velika ta miƙo masa, ya kurɓa, sannan ya sassauta murya.

"Ni fa in kin bi ta tawa, wahalar nan duk ba dole ba ce. Shago zan kama a bakin kasuwa. Ki zauna a kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, wasu su saƙa ke ki sayar. Ban iya daɗin baki ba, Nevena, amma ba za ki taɓa jin sanyi a gidana ba."

Abin da ya fi damunta ke nan: mutumin ba mugu ba ne. Da mugu ne da abin ya zo mata da sauƙi.

Bayan ya tafi, Velika ta biyo ta ɗaki ta turo ƙofa.

"Shekararki ashirin da shida. Me kike jira?"

"Mamo, kin san abin da nake jira."

"Kamen ɗan Manol?" Ta yi ƙasa da murya, ta nuna bangon da ya raba su da ɗakin mahaifin Nevena. "Kasa kunne."

Ba sai ta kasa ba. Tarin mahaifinta Stoil ne, irin wanda yake farawa a hankali ya ƙi ƙarewa.

"Kina 'yar shekara shida uban yaron nan ya sa hannu a takardar ƙara, wai babanki yana sauraren rediyon ƙasashen waje, abin da gwamnatin lokacin ta haramta. Shi ne shugaban sashensu, tare suke cin abincin rana. Sati ɗaya aka kori babanki. Ba wanda ya yarda ya ɗauke shi sai ramin haƙar ma'adinai. Shekara goma sha takwas a ƙarƙashin ƙasa, Nevena. Duk tarin nan da kike ji, sa hannun Manol ne. Shi ne kike so in kira shi suruki? In zuba masa miya a kwanona?"

"Kamen yana ɗan shekara goma sha biyu a lokacin, Mamo. Me ya sani?"

"Sunan gidan yake ɗauke da shi."

"To shi Tate, baban nawa, me ya ce? Ni ban taɓa jin ya ce komai ba."

"Ba zai ce ba. Ni nake faɗa a madadinsa, don ni na wanke masa baƙin majina shekara da shekaru." Hawaye suka cika idon Velika. "Na yi kuskure da na bar ki kika fara zuwa. Cewa na yi sana'a ce. Ashe zuciyarki kika kai aka ɗaura wa zare."

Nevena ta kifa kai a kan teburin keken ta yi ta kuka, har ƙarfen ya yi mata shaida a goshi.

Ranar Juma'a da hantsi, Velika ta tafi layin burodi, sai ga Gwaggo Radka maƙwabciyarsu, ɗaya daga cikin ɗaliban Asabar, ta faɗo gidan tana haki. Ta zaro wani littafin rubutu daga cikin rigar sanyinta.

"Ungo, ɓoye kafin damisar gidan nan ta dawo."

"Mene ne wannan, Gwaggo?"

"Malaminmu ne ya fassara mana komai da harshenmu. Kowaccenmu ya ba ta kwafin da ya fita ta bayan shuɗiyar takardar kabon, dishi-dishi, sai na sa tabarau biyu. Ke kuwa dubi naki, na ainihi ne. Mu tsofaffi ai ba a ɓata mana tawada."

Nevena ta buɗe. Rubutunsa ne, ƙanana a tsaye, da zanen allurai ɗaya bayan ɗaya. Yadda ake ɗaura zare. Lambar da ta dace da ulu mai kauri. Inda ake rataya ƙarafan nauyi. Shafi arba'in da wani abu, duk da hannu. A shafin ƙarshe ya zana wuyan riga, a ƙasa ya ƙara layi guda da fensir:

"In ya ƙi fita, ba laifinki ba ne. Ni ne ban samu na nuna miki ba."

Ta karanta sau uku kafin wani abu ya faɗo mata.

"Gwaggo, me ya sa ya rubuta mana duka? Ba yana nan ba?"

Radka ta kawar da kai. "Au, ba ki ji ba? Wani shagon sayar da kekuna a Plovdiv ya ɗauke shi koyarwa. Gobe ne ajinmu na ƙarshe. Jibi Lahadi zai bi motar ƙarfe ɗaya."

Nevena ta rufe littafin ta rungume shi a ƙirji.

Washegari ƙarfe uku saura ta sa takalmin ƙanƙara a gaban mahaifiyarta. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta ce kasuwa za ta ba.

"Mamo, sallama zan yi masa. In kin hana ni wannan, zan zauna, amma ba zan manta ba."

Velika ta dube ta ta daɗe, sannan ta juya ga tukunyarta, ta bar mata hanya.

Ta tarar an tashi. Matan suna fitowa da kekunansu a kafaɗa, kowacce ta gan ta sai ta yi kamar ba ta gan ta ba. A ciki Kamen ne kaɗai, yana jera kujeru a jikin bango. Ya rame. Har yanzu baƙin mai na nan a gefen farcensa.

Ya juyo ya gan ta, kujerar da ke hannunsa ta tsaya a sama.

"Kin makara, ɗaliba," ya ce, yana ƙoƙarin murmushi. "Sati uku da awa biyu."

"Ashe kana ƙirgawa."

"Me nake da shi da ya wuce ƙirga? Aikina ne."

Ta ciro littafin ta ajiye a kan tebur tsakaninsu. "Wannan ne sallamar tawa? Shafi arba'in a kan allura da zare, ni kuma layi ɗaya da fensir?"

"Nevena..."

"Da fensir, Kamen! Don in na ga dama in goge?"

Ya ajiye kujerar ya zauna a kai.

"Me kike so in rubuta? In rubuta cewa duk Asabar sai na ajiye miki kujerar kusa da murhu, har Gwaggo Radka ta fara yi mini dariya? In rubuta cewa sau biyu ina zuwa bakin layinku in tsaya ina jin ƙarar kekenki, na ji ya cije, na san ƙarfen nauyin hagu ne kika manta ba ki matsar ba, amma ba ni da ikon in ƙwanƙwasa in faɗa miki?"

Hawayen da take riƙewa tun daga gida suka ɓalle.

"To me ya sa za ka tafi?"

"Don garin nan ya yi mana kaɗan. In na zauna, kullum sai na gan ki a layin burodi. Wata rana in gan ki a gaban motar Dobrin. Ba zan iya ba."

"Wa ya ce maka zan shiga motar Dobrin?"

"Mutumin kirki ne."

"Kai ma? Kowa mutumin kirki, mutumin kirki! Ni na ce muku mutumin banza ne? Ba na son sa ne kawai." Ta share fuska da bayan hannu. "Ka tafi da ni."

Ya girgiza kai a hankali. "Gidanmu ya taɓa ɗauke wa mahaifinki abu ɗaya. Ba zan zama na biyu ba. In na sace ki, duk tarin da zai yi daga ranar, da ni a ciki."

"Ka taɓa tambayar sa?"

Ya kawar da kai, ta matso kusa da shi.

"Ka taɓa tsayawa a gabansa? Shekara ashirin kuna canza hanya in kun hango juna. Mamo tana magana a madadinsa, kai kana yanke hukunci a madadinsa, babanka ya kulle kansa a gida kamar gawa. Ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce masa, Stoil, me ke ranka? Kai da ka ce mini in abu ya cije kada a yi kokawa da shi, a saurara. A kan ƙarfe kawai ka iya wannan?"

"In ya kore ni fa?"

"Sai ka hau motarka da hujja. Ni ma in san an gwada." Muryarta ta karye. "Ba tafiyarka ce ta fi ci mini rai ba, Kamen. A ce ko ƙofar ba ka taɓa ba."

Ya miƙo hannu kamar zai kama nata, ya fasa, ya ɗauki littafin ya mayar mata.

"Riƙe abinki. Za ki buƙace shi ko ina nan ko ba na nan."

Bai ce zai zo ba. Bai ce ba zai zo ba. Haka ta fito, dusar ƙanƙara ta fara sauka, ta taka har gida ba ta ji sanyi ba.

Ranar Lahadi Velika ta dafa wake da busasshen nama, ta soya wainar dankali, ta shimfiɗa farin ƙyallen tebur da ba a fito da shi sai da dalili. Dalilin kuwa ya iso tun sha biyu saura, da furanni a hannu da sabon aski. Aka zaunar da Dobrin kusa da Nevena. Stoil yana kan kujerarsa a ƙarshen teburin, bargo a kafaɗa, yana cin abinci a hankali yana hutawa tsakanin loma da loma.

Nevena sai juya cokali take yi a faranti. Agogon bango kawai take satar kallo. Sha biyu da kwata. Sha biyu da rabi. Dobrin yana ba da labarin masu binciken kan iyaka, Velika tana dariya fiye da yadda labarin ya cancanta.

Ɗaya saura ashirin ta cire rai. Yanzu yana tasha, ta ce a ranta, da jakarsa da akwatin kayan aikinsa.

Dobrin ya goge baki, ya gyara zama, ya fuskanci Stoil.

"Kawu Stoil, dama akwai maganar da ta kawo ni yau..."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Cokalin Nevena ya faɗi a faranti. Kafin ta motsa Velika ta riga ta tashi. Suna jin ta ta buɗe.

"Waye?" Stoil ya tambaya.

Nevena ta miƙe ta leƙa ta bayan kafaɗar uwarta.

Kamen ne, jakar tafiya a hannu ɗaya. Ɗaya hannun kuwa yana tallafe da wani tsoho da ya ranƙwafa, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ƙanƙara na sauka a kan farin gashinsa. Ta daɗe ba ta ga Manol ba, har ta manta mutum ne mai fuska. A ranta ƙato ne. Ashe ɗan tsamurmurin tsoho ne.

"Velika," tsohon ya ce, "ban zo cin abinci ba. Stoil nake so in gani, in zai yarda. In bai yarda ba, na gode da buɗe ƙofar."

"Shekara ashirin," Velika ta ce. "Sai yau ka gane hanyar gidan nan? Sai da ɗanka ya ga abin da yake so a ciki?"

"Haka ne," ya ce. "Ba ni da abin kare kaina."

Sai ga ƙarar jan kujera daga ciki. Stoil ya taso, yana dafa bango, bargon ya zame ya faɗi bai waiwaya ba. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Tsofaffin biyu suka dubi juna. Tari ya taso masa, ya sarƙe shi har ya dafa ƙyauren, Manol kuwa ya tsaya yana ji, bai sunkuyar da kai ba, hawaye na bin kumatunsa.

Da tarin ya lafa, Stoil ya juya ga baƙonsa na ciki.

"Dobrin, ɗana, ka yi haƙuri. Maganarka ta jira wata rana. Wannan ta riga taka zuwa."

Dobrin ya dubi Nevena, ya dubi wanda take kallo. Ya ɗauki jaket ɗinsa, ya yi sallama a hankali, ya raɓa ta gefensu ya fita.

"Velika, kawo kujera."

"Stoil, kana cikin hankalinka?"

"Guda ɗaya na ce." Ya nuna Manol da haɓa. "Kai shigo. Akwai tambayar da na daɗe ina ajiye maka." Sannan ya ɗaga ido ya dubi Kamen tun daga sama har ƙasa. "Kai kuma ban san ka ba tukuna. Abin da zan ce maka yana bakin ubanka. In za ka iya jira, jira a nan. In kana sauri, ga hanya."

"Tate, ƙanƙara ake yi," Nevena ta ce.

"Na gani. Wuce ɗakinki."

Aka rufe ƙofa.

Ta shige ɗaki da gudu ta ture labule. Yana nan a tsakar gida inda aka bar shi, ya ajiye jakar a ƙasa. Ta bangon tana jin muryoyin tsofaffin, ƙasa-ƙasa, ba ta gane ko kalma ɗaya. Sau ɗaya muryar mahaifinta ta ɗaga, sai kuma ta sauka.

Daga gangaren tasha aka danna hon, dogo, sau biyu, yadda direban Plovdiv yake yi in zai tashi.

Kamen ya juya ya dubi gangaren. Nevena ta manna tafin hannunta a gilashin. Tana ji motar ta tashi, ta canza giya a kwanar gada, ƙararta na raguwa har ta ɓace.

Ya juyo. Ya ɗaga kwalar rigarsa, ya cusa hannuwa a aljihu, ya ɗago kai ya nemo tagarta. Ƙanƙara ta riga ta rufe masa kafaɗu, bai kakkaɓe ba.